Koriyar Riga Ranar Litinin

A gidan tsofaffin da ke bayan kasuwar garin Suphan ba ƙararrawa ce ke tada mutane ba, wayoyi ne. Tun kafin a sauke kunun shinkafa za ka ji su suna ƙara daga gado zuwa gado, kowa na aika wa kowa hoton furen ranar. Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, haka har zuwa jan Lahadi, kowane fure da rubutu a jikinsa, barka da rana kaza. Yaran zamani suna ganin abin shirme ne mai cika waya. Tsofaffi kuwa sun san abin da furen yake cewa: ina nan, ban mutu ba, kai fa?

Kaka Lamduan ba ta tsaya a fure ba, ita har a jikinta take sa ranar. Kowace rana da rigarta, kuma tun tana sayar da taliya a kasuwa ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Duk wanda ya manta wace rana ce a gidan, gadonta yake leƙawa ya ga launin da ta sa.

Da ta ɓalla maɓallin rigarta na ƙarshe sai ta ɗauki waya ta shiga zauren hirar iyali da ke cikinta. Su uku suka rage a zauren, ita da 'yarta Wilai da ɗanta Sakda, don jikoki sun sulale ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Za ta aika fure, ta kafa ido a ɗan lungun da ke nuna an karanta. Wilai takan maido hoton wani zomo ya haɗa hannuwa yana gaisuwa. Sakda kuma hoton babban yatsa a ɗage. Zomon nan da yatsan nan su ne 'ya'yan da Kaka Lamduan take gani kullum, kuma a gaskiya ba su taɓa makara ba.

Zafi ya kankama, Songkran na ƙaratowa, bikin sabuwar shekara. Ranar ana jera kujeru a tsakar gida layi biyu. Wanda 'ya'yansa suka zo, za su durƙusa gabansa da kwanon azurfa, su zuba masa ruwan turare a tafin hannu, shi kuma ya sa musu albarka. Wanda ba a zo masa ba, ma'aikata ne ke bi da bokiti da kofin roba, su ɗiga wa kowa su wuce kamar masu ba shuka ruwa. Ba wanda ya raɗa wa layukan suna da gangan, amma kowa ya san su: layin azurfa da layin roba. Bara Kaka Lamduan a layin azurfa ta zauna, tana ta ɗaga kai. Tun daga ranar ba ta sake ganin ƙeyar 'ya'yanta ba, kuma ba abin da take tsoro a duniya yanzu irin kofin robar nan.

Ta rubuta a zaure da yatsa ɗaya, tana tambaya ko za su zo bikin. Aka karanta. Zomo ya zo, yatsa ya biyo baya. Zomo dai ba ya cewa i, ba ya cewa a'a.

Sai ta kira. Wilai ta ɗauka tana raɗa, wai tana cikin taro. Da aka gama taron kuma sai cunkoson Bangkok, Mama ba ta san yadda hanya ta lalace ba. Sakda ya ce mota na wurin bakanike, yara na da darasin ƙarin lokaci, maigidansa a wurin aiki ba ya da imani. Ya ƙara da cewa ai kullum suna gaisawa a waya, wasu iyayen ko hakan ba sa samu. Ta yarda da shi har ta ba shi haƙuri.

Kaka Sangwan, mai gadon da ke kusa da nata, duk ta ji. Ita ta daɗe a layin roba har tana kiran kanta shugabar layin, kuma bakinta ba ya da linzami.

"Ke Lamduan, yaran nan ba sa ko duba abin da kike aikawa. Ki ɗauki hoton silifas ɗinki ki tura, zomon nan zai zo ya gaishe shi."

"Nawa suna dubawa."

"To gwada mana."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ranar Juma'a, tana sanye da shuɗiyar rigarta, ta zaɓo furen Litinin rawaya shar, ta tura. Ji take kamar ta sa takalmi a juye ta fita kasuwa. Ta jira a kira ta a ce Mama lafiya kuwa. Zomo ya zo ya haɗa hannuwa. Yatsa ya ɗago. Kaka Sangwan ta yi dariya har haƙoran robarta suka nemi faɗuwa.

Daga nan Kaka Lamduan ta yi zuciya. Ta dinga hargitsa ranaku yadda ta ga dama, ja ranar Talata, shuɗi ranar Lahadi. Ƙawayenta na kasuwa da ta tura musu irin furen nan bisa kuskure, kafin a sha shayi har biyu sun kira suna tambaya ko jikin ne. A zauren iyali kuwa shiru, sai zomo.

Abin da ya tona shi wata Alhamis ce. Sakda ya buɗe ido ɗaya da safe, ya ga fure shunayya da barka da Asabar. Ya san uwarsa ba ta kuskuren rana, sai ya ja bargo ya koma barcinsa mai daɗi. Bai farka ba sai da maigidan nan marar imani ya kira. A ranar ya bi zauren baya ya ga ɓarnar da aka daɗe ana yi, ya kira yayarsa. Wilai ta tashi hankalinta ta ɗauki waya. Ba uwarta ta kira ba, ofishin gidan ta kira.

Washegari shugabar gidan, Malama Orathai, ta zo ta zauna a bakin gado da irin fuskar da ake yi wa mai jinya. Ta kama hannun Kaka Lamduan ta tambaye ta a hankali ko ta san yau wace rana ce.

"Wa ya aiko ki?"

"Wilai ce ta kira, Kaka. Hankalinta a tashe yake."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar tsohuwar. Ashe hankalin Wilai yana iya tashi saboda ita. In fure ɗaya ya sa an kira ofis, to amsa ɗaya za ta iya kawo mota har bakin ƙofa. Ta dubi Malama Orathai ido cikin ido, tana cikin shuɗiyar rigar Juma'a, ta ce yau Lahadi ce.

Da shugabar ta fita Kaka Sangwan ta girgiza kai ta ce, "Kin jawo wa kanki. Ni silifas na ce ki tura, ban ce ki haukace ba."

Ai kuwa ta jawo. Aka ɗauke almakashinta da alluran saƙa. Aka hana ta zuwa bakin ƙofa ita kaɗai sayen soyayyiyar ayaba. Ma'aikatan da jiya suke leƙa rigarta don su san rana, yau suna yi mata magana da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya, suna yaba mata in ta cinye abinci. Wata ma ta fara bin ta banɗaki. Ta haɗiye duk wannan, tana jiran ƙarar mota.

Motar ta zo ranar Laraba, ana sauran kwanaki bikin. Kaka Lamduan na zaune a baranda cikin koriyar riga ta ga Wilai da Sakda sun fito cikin riguna masu zanen furanni irin na biki. Wilai na riƙe da kwanon azurfa da kwalbar ruwan turare, Sakda na ɗauke da mangwaro da shinkafa mai danƙo. Ta miƙe da sauri har gwiwarta ta yi ƙara.

"Barka da sabuwar shekara, Mama," in ji Wilai da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Yau ce Songkran. Kin ga mun zo."

Kaka Lamduan ta dubi tsakar gida. Ba kujeru, ba fure, sai zannuwan gado a kan igiya. Ta dubi rigar jikinta. Ba ta gama haɗa lissafin ba Sakda ya taimaka mata, don ya juya yana yi wa Malama Orathai bayani a gabanta ba tare da ya rage murya ba. Wai ranar bikin hanya ba ta biyuwa, kuma sun riga sun kama masauki a bakin teku, yara sun ƙwallafa rai. Tunda Mama ba ta bambance ranaku yanzu, ai duk ɗaya ne a wurinta. Wilai ta ce abin da ya fi muhimmanci shi ne zuciya, ba kalanda ba. Malama Orathai ta yi murmushin da ba ya nufin komai, ta karɓi wayar da aka miƙa mata don ɗaukar hoto.

Wilai ta zaro wata sabuwar riga mai furanni ta ce Mama ta sauya, koren nan ba ya kyau a hoto. Nan Kaka Lamduan ta ga amfanin hauka. Ta rungume rigarta da hannu biyu, ta tura baki, ta ƙi. Aka lallashe ta, aka yi alkawarin mangwaro, ta yi kunnen uwar shegu. Sakda ya dubi agogo ya ce a ƙyale ta, haka masu irin ciwon suke.

Suka durƙusa. Maganar tana bakinta, kalma biyu kawai: yau Laraba. Amma ga gwiwoyin Sakda a kan siminti, ga furfurar da ta fito masa a gefen kai ba ta san da ita ba, ga ƙamshin ruwan turare. In ta faɗa, za a ji kunya, a yi fushi, a tattara kwano a tafi. Sai ta miƙa hannuwanta. Ruwan ya sauka da sanyi, ta shafa kansu ta yi musu fatan tsawon rai da lafiya da rufin asiri, kuma har cikin zuciyarta take nufi. Ta ji daɗi, ta kuma ji kunyar daɗin da ta ji.

Wilai ta duba hoton ta ga ta rufe ido, aka sake. Aka ga igiyar shanya ta fito a baya, aka juya kujera aka sake. An yi ta sa albarka har fatar yatsun tsohuwar ta yi laushi. Da aka samu wanda ya yi kyau suka ce za su kama hanya kafin cunkoso. Mangwaron ita da Kaka Sangwan suka ci, kuma ranar ko shugabar layin roba ba ta sami abin tsokana ba.

Litinin ta zo da kiɗa da hayaniya. Daga titi ana jin yara na watsa wa masu babura ruwa. Kaka Lamduan ta sa rawayar riga, ta aika fure rawaya na gaskiya, ta je ta zauna a ƙarshen layin azurfa tana kallon ƙofa. Ta san inda suke, amma uwa ba ta rasa abin da za ta gaya wa kanta: wataƙila masaukin ya cika, wataƙila Sakda ya ji wani abu a ransa. Motoci suka yi ta shigowa, ba tasu. Can Malama Orathai ta sunkuyo ta raɗa mata cewa ai an riga an yi nata, kuma ana buƙatar kujerar.

"Taho nan," in ji Kaka Sangwan tana buga kujerar da ke gefenta. "Tun bara na ajiye miki. Layinmu ba a jira, ba a kuka, kuma ruwan ya fi yawa."

Kofin roba ya zo ya wuce. Tana goge hannu a zani Kaka Thawin ya matso da sandarsa. Tsohon kwandastan bas ne, shi ne gwanin waya a gidan, duk wanda tasa ta rikice wurinsa yake kaiwa. Ya miƙo mata tasa.

Shafin Wilai ne. Ga hoton, ya yi kyau ƙwarai, ba igiyar shanya. A sama an rubuta: "Yau mun je mun durƙusa gaban Mama. Komai yawan aiki, uwa ce gaba." Zukata jajaye sai zuba suke, mutane na cewa da ma kowa ya haifi irin Wilai.

Amma tsofaffin kasuwar Suphan ma suna da waya, kuma ba su da aikin da ya fi duba hoto. Mai kifi ce ta fara: me ya sa Lamduan ta sa kore ranar Litinin? Mai kayan miya ta ce shekara da shekaru rumfarsu na jere, ba ta taɓa ganin haka ba. Wani tsoho ya ce ko dai wayarsa ce ta lalace, a gaya masa. Wilai ta ba su amsa ɗaya. Ta ce Mama ta daina gane ranaku, abin yana yi musu ciwo, amma suna haƙuri suna kula da ita bakin ƙoƙari. Zukata suka ninka, aka ƙara da fuskoki masu hawaye.

Kaka Lamduan ta karanta har ƙarshe. Ba a zo mata ba, wannan ta haɗiye. An mayar da ita mahaukaciya a cikin gida, wannan ita ta jawo. Amma a tsaya gaban duk kasuwar Suphan a sayar da hankalinta don a sayi tausayi, wannan ya ƙi wucewa. Ta gyara wuyan rigarta, ta ɗauki kofin robar da aka bari a kan bokiti, ta ce Thawin ya ɗauke ta hoto da wayarta. Ya nuna mata inda ake liƙawa a ƙarƙashin hoton Wilai. Ta rubuta da yatsa ɗaya, ba ta yi sauri ba:

"Barka da Litinin. Na gode da ruwan Laraba, ya bushe. Yau na kofin roba na samu."

Ba ta ajiye wayar ba ta fara ƙara. Sunan Wilai ne a jiki. Rabon da sunan nan ya fito da kansa har ta manta, don haka ta bar shi ya ɗan yi ƙara, layin roba duka suna kallo.

"Mama, me kika yi haka? Abokan aikina duk suna gani. Ki goge yanzu."

A bayan muryar ana jin igiyar ruwa da dariyar yara.

"Ni tsohuwa ce, 'yata, kaina ya rikice. Ban san yadda ake gogewa ba. Sai dai ki zo ki goge da kanki."

Sai layin ya katse. Kaka Lamduan na kallon rubutunta, sai ta ga ya ɓace, shi da hoton, da tambayar mai kifi, da ta mai kayan miya. Ashe ana iya gogewa daga bakin teku.

Kafin a kwashe kujeru Malama Orathai ta zo karɓar wayar. Ta ce iyali ne suka nema, wai wayar na ƙara rikita Kaka, kuma 'yan damfara sun yi yawa. Ta ce ita ma ba ta so, amma umarnin iyali take bi. Kowa a labarin nan yana da wanda ya sa shi: cunkoso ya sa Wilai, maigida ya sa Sakda, iyali suka sa Malama Orathai. Ba wanda ya zagi tsohuwar, ba wanda ya ɗaga mata hannu, kuɗin gidan ma ba a taɓa fashin biya ba. An dai rage ta ne kaɗan kaɗan, daga uwa zuwa zomo, daga zomo zuwa hoto, har aka ga hoton ya fi ta sauƙin sha'ani tunda shi ba ya magana.

Abin da Wilai ba ta lissafa ba shi ne, waya ɗaya aka kulle a aljihun tebur, gidan kuwa cike yake da tsofaffi masu waya da lokaci. Ranar Talata da safe Kaka Lamduan ta fito baranda cikin ruwan hoda, Kaka Thawin ya ɗauke ta, ya liƙa a ƙarƙashin hoton abincin teku da Wilai ta sa: barka da Talata daga Mama. Wilai ta toshe shi. Laraba Kaka Sangwan ta liƙa kore, ta ƙara da nata bayanin da ba a tambaye ta ba. Aka toshe ta. Alhamis wani tsoho daga ɓangaren maza da ko sunan Wilai bai iya faɗa ba ya karɓi aikin. Har rigima aka fara a layin kunu kan wanda zai liƙa gobe, kuma 'yan kasuwar Suphan suka koma duba shafin Wilai kowace safiya don su san wace rana ce.

Daga ƙarshe Wilai ta kira ofis a fusace. Ta ce wannan cin mutunci ne, ta gaji da toshe tsofaffi, za ta zo da kanta ta yi maganin abin. Malama Orathai ta kawo saƙon baranda tana zaton za a tsorata.

Kaka Lamduan ta ɗago kai. "Ta ce za ta zo?"

"Haka ta ce, Kaka. Ranta a ɓace yake sosai."

"Ta faɗi yaushe?"

Ba ta faɗa ba. Sai Kaka Lamduan ta roƙi mai wanki ta goge mata rigunan duka bakwai, ta rataye su inda hannunta zai kai.